Yadda Ake Jinyar Yaro Mai Tamowa, Daga Awon Damtse Zuwa Ranar Sallama

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 gidajenmu na Gadarif ba su sake komawa yadda suke ba. Na Hartum suka iso, na Madani suka biyo baya, daga baya 'yan'uwanmu na Sinja da Maiurno suka shigo da kayan jikinsu kawai. Tukunyar da ake ɗorawa don mutum 8 sai ga mutum 20 sun kewaye ta, kuma ɗan shekara biyu ba ya iya kokawar loma da yayyensa. Ni aikina awon yara ne da raba abincin magani a wata ƙaramar cibiyar lafiya. Abin da nake maimaita wa iyaye mata kullum har muryata ta dushe shi zan shimfiɗa a nan, saboda wadda ba ta samu zuwa ba, da wadda ta zo amma hayaniyar layi ta hana ta ji.

Ki riƙe wannan tun daga farko: yaron da tamowa ta kama majinyaci ne. Hanjinsa ya yi laushi, zuciyarsa ta rage ƙarfi, hantarsa ba ta da ajiyar sukari. In kika ɗura masa asida, wato tuwonmu, da nama don tausayi, kina iya kayar da shi da hannunki. Da awo ake tayar da shi, kamar yadda ake ba da kowane magani.

Ki fara da awo, kada ki dogara da ido

Idon uwa yana sabawa. Yaron da kike gani kullum ba za ki lura da ramarsa ba sai wata baƙuwa ta riƙe baki. Don haka ki nemi shirit ɗin awon damtse, ɗan siririn tef ɗin nan mai launi uku, ki tambaya a cibiya a ba ki kuma a nuna miki sau ɗaya. Na yaran da ke tsakanin wata 6 ne zuwa shekara 5.

Ki kama hannun hagu, ki lanƙwasa gwiwar hannun, ki laluba ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwa, ki sa alama a tsakiyarsu. Sai ki sake hannun ya sauka a sake, ki zagaya shirit ɗin daidai wurin alamar. Kada ki matse har fata ta tattare, kada kuma ki bar shi yana lilo. Launin da ya leƙo ta 'yar tagar shi ne amsa. Kore, santimita 12.5 ko fiye, lafiya lau. Rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, ciwo ya fara shiga, a je cibiya cikin satin nan. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, yau za a je.

Bayan damtse sai ƙafa. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga daƙiƙa 3, ki ɗaga. In rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne, ko da shirit ya nuna kore. Wannan shi ya fi yaudarar mutane. Sau nawa wata habboba, wato kaka, ta ce min, "'Yata, dubi kumatunsa, ai ƙiba ya yi." Ruwa ne ya taru a jiki, kuma mai kumburi yana cikin haɗari ko da bai yi kama da ramamme ba.

A cibiya: gwajin ci shi ke raba hanya

Ki tafi da katin rigakafinsa in yana nan, da kofi, da ruwan sha mai tsabta. Za mu auna nauyi da tsayi, mu duba zafin jiki da numfashi, mu yi gwajin maleriya. Sannan mu ba ki leda ɗaya ta abincin magani, ki wanke hannu, ki koma gefe inda ba hayaniya, ki ba shi da lallashi ba tare da ɗure ba. Muna ba shi lokaci, kamar rabin awa. In ya ci abin da ya dace da nauyinsa, kusan kwata ko sulusin leda, kuma ba wani ciwo mai nauyi tare da shi, a gida za ki yi jinyarsa kina zuwa mana sati-sati.

In ya ƙi ci, asibiti za a kwantar da shi. Haka ma in akwai ɗaya daga cikin waɗannan: yana aman duk abin da ya shiga bakinsa, yana jijjiga, ya yi laƙwas ba ya kula kowa, numfashinsa na sauri, jikinsa ya yi zafi rau ko ya yi sanyi ƙalau, kumburi ya hau har fuska, fata na saɓulewa, tafin hannu ya yi fari fat. Na san abin da kwanciya take nufi ga mace mai 'ya'ya biyar a gidan aro. Duk da haka, in an ce ki kwana, ki nemi wadda za ta riƙe miki sauran, ki kwana.

In tafiyar da nisa ce, abu biyu ke kashe irin wannan yaro a hanya: faɗuwar sukarin jini da sanyi. Ki ba shi nono in yana sha. In ba ya sha, ki narka sukari cokalin shayi ɗaya a ruwa mai tsabta kamar babban cokali uku da rabi, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan muddin yana iya haɗiya. Ki manna shi a ƙirjinki fata da fata, ki rufa masa kai. Ko da rana ake ƙwallewa, yaron da ba kitse a jikinsa yana iya hucewa.

Abin da za ki gani a ɗakin kwanciya

Madarar farko da za a ba shi sunanta F-75. Tsinkakkiya ce, kuma da kofi ko sirinji ake auna ta, kowace awa 2 ko 3, dare da rana. Iyaye suna yawan fushi a nan: yaro ya rame kamar tsinke, an ba shi abin da bai cika rabin kofin shayi ba. Da gangan ne. Wannan madara ba ta sa ƙiba, aikinta ta daidaita gishirin jini da sukari har jiki ya farfaɗo. Jikin da ya daɗe cikin yunwa in aka cika shi da abinci lokaci guda, sinadaran jini suna rikicewa, zuciya ta gaza. Sai kumburi ya fara sauka kuma yaro ya fara neman abinci da kansa, yawanci cikin kwana 2 zuwa 7, sannan a matsa zuwa madarar F-100, wadda ta fi ta farko ƙarfi, ko ledar abincin magani.

Ciyarwar dare ita ce ta fi wuya kuma ita ce ba a tsallakewa. Ki roƙi maƙwabciyar gadonki ku riƙa tashin juna. In yaro ya kasa shan abin da aka auna masa, za a zura masa siririn tiyo ta hanci zuwa ciki. Kada ki firgita, kuma kada ki cire. Na ga uwa ta zare shi da dare don wata ta ce mata wanda aka sa wa tiyo ba ya tashi. Tiyon hanya ce ta madara kawai, kwana kaɗan ake cire shi.

Sai maganar ƙarin ruwa. Mu a wurinmu in ba a rataya wa majinyaci leda ba kamar ba a yi masa komai ba. Ga mai tamowa, ruwan jijiya yana iya yi wa zuciya yawa ya cika huhu, shi ya sa likita ba ya sa shi sai yaro ya kai matuƙa. Akwai ruwan gishiri da sukari na musamman, ReSoMal, da ake ba su ta baki a hankali. Kada ki matsa a yi ƙarin ruwa, kada kuma ki fita da shi ki kai wa mai allura a unguwa ya yi masa. Haka maganin sa fitsari don saukar da kumburi, ba a ba mai tamowa.

Ledar abincin magani a gida

Wannan ledar, wadda aka fi sani da Plumpy'Nut, nauyinta giram 92 ne, ƙarfin abincin da ke cikinta kalori 500. Gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai, an zuba mata bitamin da sinadaran da jikin yaron ya rasa. Wani likita Bafaranshe, André Briend, shi da kamfanin Nutriset suka haɗa ta a 1996, kuma a yunwar Nijar ta 2005, a yankin Maraɗi, aka ga amfaninta ga dubban yara da aka yi jinyarsu a gidajensu. A nan Sudan ma a da muna da masana'antar da ke yin irinta a Hartum, Samil, wuta ta cinye ta a watan Mayun 2023. Kowane kwali da ya iso hannunmu yanzu ya sha doguwar hanya.

Da nauyin yaro ake lissafa rabonsa. Mai kilo 7, misali, yakan samu kamar leda 3 a rana, wato 21 a sati. Abin da aka rubuta a katinki shi za ki bi, domin tsarin rabo yana iya bambanta daga cibiya zuwa cibiya.

Ga yadda ake bayarwa. Ki wanke hannunki da nasa da sabulu. Ki murza ledar tun ba ki buɗe ba don man ya haɗe, ki yage ƙusurwa ɗaya, ki matso kaɗan ya tsotsa daga bakin ledar ko daga cokali mai tsabta. In yana shan nono, nono ne farko, sannan leda. Ki raba rabon ranar kashi-kashi, kamar sau 8, maimakon zama biyu manya. Abin yana da kauri yana sa ƙishi, don haka kofin ruwa ya kasance a gefe, loma kaɗan kurɓi kaɗan. Abin da ya rage ki naɗe bakin ledar ki ɗaure, ki sa a kwano mai murfi inda tururuwa da ɓera ba sa kaiwa, a cinye shi kafin kwana ɗaya ya cika.

Kada ki dama shi da ruwa, kada ki zuba a madida, wato kunu mai kauri, ko tsinkakken kunu, kada ki ɗora a wuta. Rashin ruwa a cikinsa shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa rayuwa a ciki. Da kin sa ruwa kin buɗe musu ƙofa.

A makonnin farko, sai ya cinye rabonsa na ranar sannan a ba shi abincin gida in yana so. Dalilin a fili yake: cikinsa ƙarami ne, in kunun nasha ya cika shi ba wurin magani.

Yanzu ga inda aikin yake lalacewa, kuma ba na faɗar haka don zargi. Abin ya yi kama da dakwa, yana da zaƙi, sauran yaran gida kuma ba ƙoshi suka yi ba. Wata uwa ta zo min sati uku a jere nauyin ɗanta bai motsa ba. Na ja ta bayan ɗaki na ce, "Yaya, tsakaninki da Allah, shi kaɗai ke ci?" Ta yi shiru, can ta ce surukarta ce ke karɓar ledojin, ta dama su a babban kwano da safe a raba wa jikoki shida. Tsohuwar ba mugunta ta yi ba, a ganinta adalci ne. Sai da na je gidan da kaina na durƙusa na ce, "Inna, da allurar maleriya aka rubuta masa, za ki raba wa shida?" Ta yi dariya ta ce a'a. Daga ranar ta koma ita ce mai gadin kwanon. Dabarar da na ga tana aiki ita ce a ba majinyacin nasa a ɗaki, lokacin da sauran ke cin nasu a tsakar gida, kuma a gaya wa kowa sunan abin: maganin wane ne. Maigida ma a gaya masa, domin ledar tana da kasuwa, kuma ranar da babu kuɗin gawayi shaiɗan yana da bakin magana. Ki adana ledojin da aka cinye ki dawo da su ranar awo, yawancin cibiyoyi suna ƙirgawa.

Magunguna, da abin da ba a ƙarawa

Za a ba shi amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na kwana 5 zuwa 7 ko da ba ya zazzaɓi, domin jikin mai tamowa yana ɗauke da cuta ba tare da ya nuna ba. Ki ƙarasa shi duka. Wanda ya wuce shekara ɗaya za a ba shi maganin tsutsar ciki, kuma a duba ko ya samu rigakafin ƙyanda. Kada ki sayo maganin ƙarin jini ko na buɗe ciki a kemis ki haɗa, ledar tana da ƙarfen jini da zinki da bitamin A daidai gwargwado. Wanzami kuma a ɗaga masa ƙafa: cire beli, tsaga, ƙuna da ƙarfe, ciro haƙoran da ba su fito ba don wai su ke sa gudawa, duk jini ne ake zubarwa daga jikin da ba shi da na bayarwa.

Ruwan shansa a tafasa ko a sa masa ƙwayar kulorin, tunda kwalara ta zagaya Kasala da Gadarif a 2024. In kashinsa ya ɗan yi laushi a kwanakin farko amma yana ci yana wasa, ki ci gaba da nono da leda da ruwa. In gudawa ce kamar ruwa, ko da jini, ko ido ya faɗa, kada ki jira ranar awo.

Ranar awo

Sati-sati ne, ko da kin ga ya murmure. Mai kumburi nauyinsa yakan ragu da farko saboda ruwa ke fita, wannan alamar sauƙi ce. In aka yi sati uku nauyi bai ƙaru ba kuma kin tabbata shi kaɗai ke cin rabonsa, to akwai wani ciwo a ƙarƙashi. Ki faɗa mana in akwai mai tari a gidan, saboda tarin fuka. A ƙasarmu ta Gadarif, musamman ga wanda ya zauna ƙauyukan bakin kogin Atbara ko Rahad, zazzaɓin da ya wuce sati biyu tare da kumburin saifa da rama sai an gwada cutar kala'azar. Kwali goma na leda ba zai tayar da yaro ba in wannan na cinsa.

Jaririn da bai kai wata 6 ba ba a ba shi ledar nan sam. Nasa maganin nono ne, kuma uwar ake jinya tare da shi: ta ci, ta sha, a gyara mata kamun nono, in ya janye a taimaka ya dawo. Wadda ta yi kwanika kuma kada ta yaye na goye dare ɗaya don tsoron wai nonon ya ɓaci. Bai ɓaci ba, kuma yayen gaggawa na cikin manyan hanyoyin da tamowa ke shigowa.

'Yan shekara 5 zuwa samari da 'yan mata

Waɗannan su ake mantawa, saboda layin cibiya na ƙanana ne, su kuma sun iya ɓoye yunwa. Launukan shirit ba nasu ba ne. Nauyi ake rabawa da tsayi sau tsayi, a duba jadawalin shekaru. Yarinya 'yar shekara 14 mai kilo 32 da tsayin mita 1.5, lissafinta ya ba da 14.2, wanda ya yi ƙasa ƙwarai da na tsararta. Irin wannan a kai ta a duba, kada a ce tsayi take yi.

Kafin a fara ba matashi abincin magani, a nemi dalilin ramar. Wanda ke shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana tashi fitsari sau da yawa da dare, yana ci yana ramewa, a gwada sukarinsa tukuna, domin ciwon sukarin yara haka yake shigowa kuma insulin yake buƙata. Tarin fuka ma yana son wannan shekarun. Rabon babban yaro a kan kowane kilo bai kai na ƙarami ba, don haka kada ki ninka lissafin ɗan shekara biyu ki ba ɗan shekara 15, ma'aikacin lafiya ne zai yanke. Wanda ya yi makonni ba ya samun abin kirki, kamar waɗanda suka fito daga wuraren da aka yi wa ƙawanya, shi ma a fara masa da kaɗan a riƙa ƙarawa a kwanaki.

Da matashi kai tsaye ake magana, ba ta bakin uwarsa ba. Babbar 'ya takan karɓi ledarta ta miƙa wa ƙannenta a ɓoye, saurayi kuma yana jin kunyar a gan shi da abincin jarirai. Ki ba shi nasa ya ci inda ba idon abokai. In azumi ya zo yana cikin jinya, shari'a ta ba mara lafiya rangwame ya rama daga baya. 'Yan matan da suka fara al'ada kuma ƙarancin jini ne babban abokin gabarsu. In an rubuta musu ƙwayar ƙarin jini, kada su kora ta da shayi, shayi yana hana ƙarfen shiga jiki. A sha da ruwa ko da lemon tsami, shayin ya biyo bayan awa ɗaya ko biyu.

Sallama, da tukunyar gida

Ana sallamar ƙaramin yaro in damtsensa ya kai 12.5 ko nauyinsa ya dace da tsayinsa, kuma ya yi sati biyu ba kumburi. Yawanci abin yana ɗaukar sati 6 zuwa 8. Kafin ranar ki riga kin fara saba masa da abincin gida, a kwanonsa shi kaɗai don ki ga abin da ya ci, sau 5 a rana. Madida ta yi kaurin da ba ta zuba daga cokali, a sa mata cokalin dakwa ko man riɗi. Asida da miyar kuɓewa a ƙara mata waken adas ko dakakken busasshen kifi. Waken ful a murƙushe da mai, ƙwai in an samu, godo-godo da nono mai kyau, garin kuka a kunu. Gadarif garin riɗi ne da dawa, kuma cokali ɗaya na mai a kwanon yaro yana ƙara wa abincinsa ƙarfi sosai.

Shirit ɗin kada ki mayar. Ki rataye shi a ƙusa kusa da inda kike ajiye katin, ki auna shi duk bayan sati biyu har wata uku ko fiye, musamman bayan gudawa ko zazzaɓi, domin a watannin nan ne ya fi saurin komawa. Ranar da kika auna shi, ki auna ƙaninsa da ɗan baƙuwar da ke ɗakin baya.